Motar tarayya: yadda matasanmu ke zirga-zirga a birni ba su da motar kansu

Da an kai hatsi rumbu, an sayar da wake da aya, sai tashoshin mota na Gidan Rumji da Agye da Gazawa su cika da matasa. Wasu a Maradi za su tsaya, wasu sai Yamai, wasu Kano ko Ikko, wasu kuma karatu ne ya kira su jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ba a jimawa sai waya ta fara shigowa gida da magana guda: kuɗin mota na cinye ɗan abin da ake samu, a taimaka a haɗa a saya wa yaro babur, ko ma ƴar mota. In an tuntuɓi yayansa da ke Faransa ko Amurka, sai ya ce ai shi ma shekara da shekaru ba shi da mota, ta tarayya yake hawa. Dattijo a Sae Sabuwa ya ji haka, ya rasa inda maganar ta dosa. Mota ce ta haya? Taksi ce? Ko ta wani aboki ce ake ara?

Tunda kuɗin da za a kashe daga rumbunmu za su fito, ko daga gumin ƴan uwa da ke waje, ya kamata mu fahimci abin da ake nufi, mu kuma yi lissafi kafin a ce to ko a'a.

Abu uku ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne motar da kamfani ko ƙungiya ta saya ta ajiye a unguwa, kowane mamba ya ɗauka ya tuƙa da kansa. Mutum zai yi rajista da farmi ɗinsa, wato lasisin tuƙi, ya nemi mota ta cikin manhajar waya, ya buɗe ta da wayar ko da kati, ya yi awa biyu ko uku yana hidimarsa, ya maido ta inda aka ce. Abin da zai biya ya danganta da lokacin da ya ɗauka da nisan da ya yi, kuma galibi mai da asirans, wato inshora, suna cikin kuɗin. An fara gwada wannan a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan tun 1948. A 1987 aka kafa ƙungiyoyi biyu na haɗin gwiwa a ƙasar, suka haɗe a 1997 suka zama Mobility. A Amurka kamfanin Zipcar ya fara a shekarar 2000 kusa da Boston. Ba ko'ina abin ya yi riba ba: a Paris an buɗe Autolib' da motoci masu lantarki a ƙarshen 2011, aka rufe shi a 2018 saboda asara.

Na biyu shi ne mai mota da zai yi tafiya ya sanar cewa yana da kujeru uku babu kowa, masu zuwa gari ɗaya su shiga a raba kuɗin mai. Kamfanin BlaBlaCar da aka kafa a Faransa a 2006 wannan ne aikinsa: haɗa mai mota da matafiya. Dokar Faransa ta bambanta shi da sana'ar taksi, domin direban rabon kuɗin hanya yake karɓa, ba a yarda ya ci riba a kai ba.

Na uku shi ne taksin da ake kira ta waya. Uber ya shiga Ikko a 2014, Bolt ya biyo baya har ya kai Kano, akwai inDrive da ake ciniki a cikinsa kamar a kasuwa, akwai Yango a Abijan, akwai Gozem da ya fara da babura a Lome a 2018. A nan akwai direba, sana'arsa ke nan, kamfani kuma yana cire kasonsa a kowace tafiya. Wayar za ta nuna sunan direba da hotonsa da lambar mota da kuɗin da za a biya tun kafin a shiga. Amma a sani, farashin ba ya tsayawa wuri ɗaya: in ana ruwa ko lokacin tashi daga aiki, sai ya hau.

To, in ɗan uwa a Turai ya ce yana hawa motar tarayya, yawanci na farko ko na biyu yake nufi. In yaronmu da ke Abuja ko Ikko ya ce ya kira mota ta waya, na uku ne.

Wanda muke da shi a gida

Idan aka cire manhajar waya, raba mota ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran Hiace ta cika kafin ta tashi zuwa Maradi ranar Litinin ko Juma'a ya san shi. Kowa ya biya kujerarsa, ɗan kamasho ya karɓi nasa, kaya a yi musu ciniki daban. Ƴan kasuwa huɗu ko biyar da suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar mota ɗaya zuwa kasuwar Cadawa ko Tasawa, su ma tarayya suka yi. Hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji da Maradi da Agye da Gazawa ta wuce Damagaram, kullum cike take da irin waɗannan motoci.

A cikin gari kuma kowane birni da nasa. A Maradi kabu-kabu ne da adaidaita. A Yamai akwai taksi mai jan kai, wadda take ɗaukar mutum huɗu da ba su san juna ba: ka tsaya bakin hanya ka faɗi unguwar da za ka, in hanyarku ɗaya direba ya tsaya, in ba haka ba ya wuce. Akwai kuma ƙananan bas da ake ce wa faba-faba, masu zuwa unguwannin nesa. A Kano, babur mai ƙafa uku ya samo sunansa daga shirin A Daidaita Sahu na zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, ya kuma mamaye gari bayan da gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero.

Me ya sa irin na farkon, wanda za ka ɗauki mota ka tuƙa da kanka, bai zama ruwan dare a garuruwanmu ba? Domin yana tsaye ne a kan abubuwan da sai an tanade su tukuna. Kamfani ba zai miƙa wa mutum mota ba sai yana da tabbacin ko shi wane ne, da adireshin da za a same shi, da katin banki da za a cire kuɗi in ya yi ɓarna, da kamfanin asirans da zai biya ba tare da ja-in-ja ba. A wajenmu abin da ke tsaye a madadin waɗannan shi ne sanayya. Ana ba ka makulli ne don an san ubanka, an san ƙofar gidanku. Wannan yana aiki a ƙauye da cikin dangi. A birnin da mutum yake baƙo kuwa, sanayya ba ta isa ba, shi ya sa ake buƙatar shaida da takarda.

Mu yi lissafi

Masu nazarin sufuri a Amurka da Turai sun daɗe suna nuna cewa motar gida tana ƙare kusan kashi 95 cikin 100 na lokacinta a ajiye. Daga nan tunanin motar tarayya ya taso: mota ko tana tsaye tana cin kuɗi.

Ga misali, da alƙaluman da muka ɗauka don sauƙin lissafi kawai, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce an sayi mota a kan sefa miliyan 2, aka hau ta shekara 5, aka sayar miliyan 1. Kowace shekara ta ci jika 200 ke nan na faɗuwar daraja, wato wajen sefa 550 a kowace rana, ko an tada ta ko ba a tada ba. A ce asirans da takardu da tayoyi da batir da kuɗin makanike sun ƙara wasu jika 200 a shekara. An kai sefa 1,100 a rana, ba a zuba mai ko ɗigo ba. Matashin da abin da yake kashewa a kabu-kabu da adaidaita a wuni bai kai haka ba, in aka saya masa mota an ɗora masa kaya ne.

Sai batun mai. Mu nan jahar Maradi mun daɗe muna dogara da man da ke shigowa daga Najeriya, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe bakin hanya. Da shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan arahar ta kau, kowa ya ji a jikinsa, daga mai kabu-kabu har mai injin ban ruwa. Bayan watanni biyu aka rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage litar esans zuwa sefa 499, wato dala 100 ba tamma ɗaya. A watan Maris na 2025 kuma aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Duk wanda ya mallaki mota shi kaɗai yake ɗaukar wannan hawa da sauka, amma in ana tarayya ana raba nauyin.

Mu ɗauki tafiyar Maradi zuwa Yamai, wajen kilomita 660. Ƙaramar mota da ke shan lita 8 a kowane kilomita 100 za ta sha kusan lita 53. A farashin 499, jika 26 da rabi ke nan, zuwa kaɗai. In mutum ɗaya ne, shi zai biya duka. In su huɗu ne, kowa jika 6 da ɗari 6 da ƴan kai, sai a ƙara kuɗin shingen hanya. Da wannan adadi mutum zai je ya tambayi kuɗin tikiti a Rimbo ko STM ko Al Izza ya kwatanta, ya kuma tuna cewa in motar kamfani ta lalace a hanya, ba shi zai nemo makanike ba.

Wannan lissafi ba ya nufin kada kowa ya sayi abin hawa. Mai sana'ar da kullum yake ɗaukar kaya, ko ma'aikacin da ake turawa ƙauyukan da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, babur ko mota kayan aikinsa ne. Ɗalibi da mai koyon sana'a da ɗan ci-rani mai komawa gida da faɗuwar ruwa, su ne lissafin ya fi shafa.

Inda rigima take tasowa

Ranar da komai ya tafi lafiya, babu mai tambayar takarda. Sai an yi hatsari ake gane wanda ke da alhaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Shekarun yaran da muke magana a kansu ke nan.

Doka a Nijar ta wajabta wa kowace mota da babur asirans na biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna. Amma asirans ɗin motar gida daban yake da na motar haya. Wanda ya mayar da motar gida ta ɗaukar fasinja don riba, in aka yi hatsari yana iya samun kansa cikin gardama da kamfanin asirans, fasinjojin da suka ji rauni kuma su rasa mai biya musu kuɗin asibiti a kan lokaci. Don haka mai mota da ke yawan ɗaukar mutane ya je ya tambayi kamfaninsa, baki da baki, abin da takardarsa ta ƙunsa game da waɗanda ke cikin motar.

Haka batun aro. Aboki ya ba aboki makulli, shi kuwa ba shi da farmi, ya je ya buge wani. Mai motar ba zai tsira da cewa ba shi ke tuƙi ba, domin sunansa ne a takardar mota, wurinsa jandarmomi ko ƴan sanda za su zo. Zumunci da yawa ya lalace a kan haka, a zo a tara dattawa ana rabon laifi bayan an riga an yi asara.

Kamfanonin Turai sun magance wannan ne da rubutu. Kafin ka taɓa motar an riga an rubuta wanda zai biya in an goge ta, da iyakar abin da za a cire maka, da tarar wanda ya makara, da wanda zai biya in ɗan sanda ya rubuta takarda. Mamba yana zagaya motar ya ɗauki hoton duk wani lahani kafin ya tashi. Wannan sashen ne ya fi cancanta mu ɗauka, kuma ba ya buƙatar intanet. Biro da takarda da shaidu biyu sun wadatar.

Kafin a shiga mota

Ga matasanmu da ke birni, da iyayen da za su isar musu da saƙo, ga abubuwan da muke ganin bai kamata a yi wasa da su ba.

In ta waya aka kira mota, a duba lambar motar da fuskar direba su dace da abin da wayar ta nuna. In sun saɓa, kada a shiga, ko da ya kira sunanka. In direba ya ce a soke tafiyar a manhaja a biya shi a hannu don a samu ragi, a sani cewa daga nan babu sauran wata shaida da ke nuna ka shiga motarsa.

In tafiyar nesa ce, a shiga mota a tasha, inda ƴan kamasho da shugabannin direbobi suka san motar da mai ita. Motar bakin hanya ta fi araha, amma a Abuja da wasu biranen Najeriya akwai ɓarayin da ake kira ƴan wan-cans, masu shigar direba da fasinjoji, sai an yi nisa su juya wa wanda suka ɗauka. A Kano kuma an sha kokawa da ƙwacen waya, har a cikin adaidaita. A tura wa wani na gida lambar motar da lokacin tashi. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa.

A guji tafiyar dare, musamman a hanyoyin da ke kusa da iyaka ta wajen Gidan Rumji da Madarumfa, inda ƴan bindiga suka sha tare mutane. Motar da aka yi wa lodin da ya wuce kima, mutane a kan kaya, gara a jira ta gaba. Mai hawa kabu-kabu kullum ya nemi hular kwano tasa ta kansa. A riƙe katin ɗan ƙasa a jiki, a kuma haddace lambobin gaggawa na Nijar: 17 ƴan sanda, 18 ƴan kwana-kwana.

Ƴan mata ɗalibai da masu aiki, in da hali su haɗu biyu ko uku su riƙe mai adaidaita ɗaya da aka sani, a yi ciniki na wata, ya zo ya ɗauke su ya maido su. Ya fi sauƙi a aljihu, hankalin iyaye kuma ya fi kwanciya.

Ga masu turo kuɗi daga waje

Ƴan uwa da ke Ikko da Kwatano da Abijan da Libiya da Turai, ku ne galibi ake kira in za a sayi abin hawa. Kafin ku tura ta Nita ko Amana, ku yi wa yaron tambayoyi huɗu. Nawa yake kashewa a zirga-zirga a mako? Yana da farmi? Wa zai biya asirans da gyara bayan an saya? Ina za a ajiye abin hawan da dare? In amsar ta nuna kuɗin motarsa na wata bai kai abin da mallaka za ta ci ba, ku ɗauke masa kuɗin motar na wata-wata, ragowar ta tafi jari ko kuɗin makaranta ko takin damina.

In kuma dangi ko abokai ne suka ga ya dace su haɗa kuɗi, ko ta hanyar adashi, su sayi mota ko adaidaita guda ta kowa da kowa, to abu ne mai yiwuwa, kuma shi ne ainihin abin da ƙungiyoyin Suwizalan suka fara da shi. Sai dai a zauna tun ranar farko a rubuta: sunan wa za a sa a takardun mota, da kason kowa a ciki. Su wa aka yarda su tuƙa. Nawa mai ɗauka zai zuba a asusu a kowace rana ko kowane kilomita, ko da shi ne ya fi kowa zuba jari. Wa ke riƙe asusun gyara, kuma yaushe ake karanta shi a gaban kowa. Wa ke da fifiko in buƙata ta haɗu, misali mai kai mara lafiya asibiti da mai zuwa biki. Yadda za a fanshi kason wanda ya ce zai fita, ko wanda Allah ya yi wa rasuwa, don kada magada su zo su tarar da rikici.

In za a ba wani ne ya yi haya da ita yana kawo kuɗi kullum, abin da a Kano ake ce wa balas, a rubuta adadin, da ranar hutu, da wanda zai sayi taya da baƙin mai, da abin da za a yi ranar da motar ta kwana a gareji. Kuɗin da aka tsawwala wa direba shi ke sa gudu da lodin wuce kima, don haka a sa abin da zai iya kawowa ya kuma ci abinci.

Takardar a yi ta kwafi biyu ko uku, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, mai gari ko limami ko wani dattijo da aka amince da shi ya shaida, a ɗauki hotonta a tura wa na waje. Wanda ke shirin tafiya birni a wannan rani kuma, ya yi mako biyu yana rubuta duk abin da ya kashe a kabu-kabu da adaidaita da taksi kafin ya kira gida da maganar sayen babur. Da wannan takarda a hannu za a fi gane abin da ya dace a yi masa.